Tarihin Gidan Bayan Gari A Ƙasar Kazaure, Da Yadda Ya Ke Sauya Hannu

In mutum ya tashi daga Kano ya kama hanyar Daura, ya wuce Ɗambatta, bayan tafiyar kamar mil 50 daga birni sai ya ga duwatsu sun fara tasowa dama da hagu. To, ya iso Kazaure ke nan. Tun bai shiga tsohon gari ba zai yi ta wuce gidaje a bakin hanya, waɗansu na bulo da rufin kwano, waɗansu na ƙasa, waɗansu kuwa ko gini babu, sai harsashi da tarin yashi. Irin waɗannan mu ke kira gidajen bayan gari, su ne kuwa abin zancenmu yau. Ku 'yan makaranta kun saba in an ce tarihi sai ku tsammaci labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Amma gida ma yana da nasa tarihi, watau wanda ya fara saran wurin, da wanda ya gada, da wanda ya sayar, da abin da aka biya, da mutanen da ke kewaye da shi. Wanda ya bi wannan sawu zai tarar da abin mamaki. Kakanninmu in sun sayi gida ginin su ke biya wa kuɗi, ƙasar da ya ke kai kusan kyauta ce. Mu kuwa ƙasar mu ke saye da tsada, ginin ma sau da yawa rushe shi a ke yi.

Sai mu fara da garin kansa. Masu ba da labarin baka sun ce wani maharbi, Kutumbi, shi ya fara zama a wurin, sunan kuma wai daga “kamar zaure” ya samo asali, don yadda duwatsu suka kewaye shi. Sarautar Fulani kuwa daga Ɗantunku ta faro, wanda ke zaune a Ɗambatta. A shekarar 1819, da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano, Ɗantunku ya ƙi binsa, aka yi ta ɗauki ba daɗi wajen shekara biyar, kana Sarkin Musulmi Bello ya shiga tsakani ya tabbatar masa da ƙasa tasa ta kansa. Ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi, ya yi mulki har 1857. Ƙasar ƙarama ce, a matse tsakanin Kano da Katsina da Daura, Roni da Gwiwa da 'Yankwashi duk cikinta su ke. Ɓaɓura kuwa, da ke gabas, ta zauna cikin ƙasar Kano. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A zamanin nan ba mai hankalin da ke kwaɗayin gida a bayan gari. Mahara daga wajen Damagaram su kan faɗo ƙasashen nan na arewa da Kano, wanda suka tarar a fili kuwa ya zama nasu, shi da iyali da dabbobi. Saboda haka darajar gida ita ce kusancinsa da wurin tsira, ko cikin ganuwa ko gindin dutse. Fili kuwa ga shi nan birjik, mutane su ne ba su isa ba. In baƙo ya zo yana son zama, sai ya sami mai masauki ya kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi wurin dagaci, ya miƙa 'yar gaisuwa, a nuna masa wuri a ce daga nan zuwa nan. Dagaci murna ya ke yi, don ƙarin mutum ƙarin haraji ne da ƙarin mai ɗaukar kwari da baka. Malamai ma sun yi wa abin tsari. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, ya wallafa littafi kan hukuncin matacciyar ƙasa, ya bayyana hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kanta, a cikinsu akwai raya ta da gini ko shuka ko haƙa rijiya, akwai kuma yankan da shugaba ya yi wa mutum. Wanda ya tashi ya bar wurinsa ya zama kango, shekaru suka shuɗe ba shi ba magajinsa, sai dagaci ya ba wani. Kusa da birnin Kano, inda mutane suka yi yawa, an daɗe ana cinikin gonaki, amma inda daji ya ke da faɗi wa zai ba da kuɗi a kan abin da zai samu da goro?

Wahalar tana wajen ginin. Sai an haƙo ƙasa, an kwaɓa ta da ciyawa, an bar ta ta ruɓa, an curo tubali ɗaya ɗaya da hannu an shanya, sa'an nan magini ya hau jerawa. Abin da ya fi kome tsada shi ne azara, wadda a ke farkewa daga giginya, gara ba ta cinta da wuri. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa in mai gida yana son soro mai faɗi sai ya nemi gwanin magini wanda ya iya ɗaurin guga da bakan gizo. A kan shafe bango da makuba, daga ɓawon ɗorawa, a dalaye rufi da abin da zai hana ruwa zama, a sa indararo. Duk shekara kuwa kafin damina sai an sake yaɓe, in aka yi sakaci shekara biyu ko uku bango ya zaizaye. Ƙasar gini ma ba ɗaya ba ce ko'ina. Wajen Kazaure da Roni, inda duwatsu su ke, ana samun jar ƙasa mai tsakuwa, amma in an nausa wajen Ɓaɓura rairayi ya fi yawa. Talaka dai a ko'ina ɗakin ciyawa da dangar kara ya ke yi, in ya tashi ƙaura ya ɗauke jinkarsa. Ramin da aka ɗebi ƙasa kuwa shi ke zama kududdufin unguwa, dabbobi su sha, yara su yi wanka, sauro ya yi gida. Duk inda kuka ga tsohon kududdufi a cikin gari, ku sani gidajen da ke kewaye daga cikinsa suka fito.

To, in aka tashi sayar da irin wannan gida, me a ke ƙidayawa? Soro nawa, azara nawa, ƙyaure na katako ne ko na kara, akwai rijiya ko babu, rumbu nawa ke tsaye. Dillali ya shiga tsakani, mai saye ya taya, mai gida ya ce albarka, a yi ta ja har ya ce ya sallama. Mai unguwa da dattawa biyu ko uku su shaida, a raba goro, dillali ya karɓi la'adarsa, a shafa fatiha. Galibi ba a rubuta kome, shaidun nan su ne takarda. Kuɗin kuwa wuri ne. Wani Bajamushe matafiyi, Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin riyal ɗaya ta azurfa da wuri 2,500, keso ɗaya kuma wuri 20,000 ne. Ku duba wahalar ƙidaya, da ta ɗauka.

Amma ba ciniki ne babbar hanyar da gida ke sauya hannu ba. Akwai kyauta, akwai aro, akwai jingina, inda mai bukata zai karɓi kuɗi ya ba da gida ko gona a riƙe har ran da ya biya. Uwa uba kuwa gado, nan ne kuma gidaje su ke shiga kasuwa ba da son masu su ba. Bari mu yi muku lissafi irin na aji. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, aka ƙiyasta gidansa fam 40. Matar tana da tumuni, watau fam 5. Sauran fam 35 a kasa biyar, kowane namiji ya ɗauki kashi biyu, fam 14 ke nan, macen ta ɗauki fam 7. A kan allo abin ya fita sarai. Amma yaya za a yanka zaure gida biyar? Dole ko a ja katanga a tsakiyar gida, shi ya sa a tsofaffin unguwanni ku ke ganin lunguna kamar hanjin akuya, ko mai ƙarfi a cikin magada ya biya sauran, ko kuwa a sayar wa bare a raba kuɗin. Don gudun na ƙarshen nan shari'a ta tanadi abin da malamai ke kira shufu'a. In mutum biyu suna tarayya a gida ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga wani, abokin tarayyar yana da ikon biyan kuɗin nan ya karɓe. Mazhabar Malikiyya da mu ke bi ga abokin tarayya kaɗai ta ba wannan haƙƙi, Hanafiyya ce ta ƙara da maƙwabci. Duk da haka al'adarmu ta ɗauki abin kunya ne mutum ya sayar da gida bai fara yi wa na jikin katangarsa tayi ba.

Ga inda maganar Ɓaɓura ta shigo. A 1923 Sarkin Kano Usman ya kafa doka ya hana mata gadon gidaje da gonaki a ƙasarsa, wai don kada mace ta sami wurin zaman kanta ta ƙi aure. Dokar ta hau kan duk wanda ke ƙarƙashin Sarkin Kano, har da mutanen Ɓaɓura, ba ta kau ba kuwa sai a 1954, da Sarki Muhammadu Sanusi ya soke ta. Shekara 31 ke nan. A ganinmu dokar nan ba ta yi daidai ba, don rabon da Alƙur'ani ya yanka wa mace ba na wani sarki ba ne balle ya hana. Ku duba yarinyar nan ta lissafinmu mai fam 7. In mahaifinta ya rasu cikin waɗannan shekaru a ƙasar Kano, ba ta da ko tubali ɗaya a gidan da aka haife ta, in aure ya mutu sai ta zauna a inuwar 'yan'uwa maza bisa ga jin ƙansu. Duk wanda ke bin tarihin wani tsohon gida a wannan yanki ya ga sunayen maza kaɗai a jere, to, ya tuna da wannan doka.

Yanzu sai mu koma baya kaɗan mu ga abin da ya buɗe bayan gari. Faransa ta ci Damagaram a 1899, Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka shata iyaka tsakaninsu arewa da Ɓaɓura, hari ya mutu. Da hari ya mutu ganuwa ta zama tarin ƙasa kawai, mutane suka fara fita suna kafa gida a gonakinsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sule da kwabo suka kori wuri, manomi ya fara riƙe kuɗin da zai iya ɓoyewa a aljihu. Turawa kuwa suka zauna suna tunanin wa ke da ƙasa. Zamanin Gwamna Girouard aka kafa kwamiti a London a 1908, abin da ya fito daga cikinsa shi ne dokar 1910, wadda ta ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Bisa ga wannan mutum yana da haƙƙin zama da mora, amma ƙasar kanta ba hajar sayarwa ba ce. A kan takarda ke nan. A ƙauye kuwa mutane suka ci gaba da sha'aninsu, in an sayar da gona a ce kyauta ce, ko jinginar da ba ranar fansa.

In kuna son ganin yadda bayan gari ke zama tsakiyar gari, ga misali a Kano wanda ya shafe ku. A Nasarawa, wajen ganuwa, inda sarakunan Kano ke da gandu da gidan hutu, akwai wani gidan ƙasa da a ke kira Gidan Ɗan Hausa. Nan Hanns Vischer ya zauna, a nan unguwar kuwa ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a 1909, wadda ita ce uwar makarantun da ku ke ciki. Sa'ad da ya ke zaune a ciki gonaki ne kewaye da shi. Yau gidan yana nan da zankayensa, hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano ke riƙe da shi, amma tituna da ofisoshi sun haɗiye shi ta kowane gefe. Bangon bai matsa ko taki ɗaya ba, garin ne ya zo ya same shi.

Abin da ya sami Nasarawa shi ne ya sami gefen Kazaure, sai dai a hankali, kuma daga baya. Aka yi Jihar Kano a 1967, aka bar fam aka koma naira ran 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya naira biyu. Aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, ofisoshin da a da ke hannun En'e suka koma sabon tsari, ma'aikata suka yawaita. Ran 27 ga Agusta 1991 aka cire Jigawa daga Kano, da hedkwata a Dutse, Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura duk suka faɗa ciki, Ɓaɓura kuma ta koma ƙarƙashin sabuwar masarautar Ringim. Aka kafa babbar makarantar koyon fasaha a Kazaure, wadda ke ɗauke da sunan Sarki Hussaini Adamu, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta. Malami da ɗalibi da akawu duk baƙi ne masu neman ɗaki, ba kuwa wurin dagaci za su da goro ba, haya za su kama su biya da wata ko da shekara. Ran da ɗaki ya fara kawo kuɗi, ran nan gonar gero da ke bakin titi ta daina zama gona a idon mai ita.

Abin da mai saye ke tambaya ma ya sāke. Larabawa su kan ce a nemi maƙwabci kafin gida, mu ma mun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, wannan kam har gobe. A da ana duba nisan rijiya da masallaci da kasuwa, ana gudun kusa da majema saboda wari. Yanzu an ƙara da waɗansu: mota tana iya shiga layin? Turken lantarki ya iso? Akwai famfo ko burtsatse? Ina makarantar yara, ina asibiti? Gida biyu iri ɗaya, ɗaya a bakin kwalta ɗaya a can cikin lungu, kuɗinsu ba ya kusa da juna, alhali bulo ɗaya aka sa musu. Dutsen nan da kakanni ke rububin gindinsa don tsira, yau magini tsaki ya ke yi in ya gan shi, don haƙa harsashi da salga a kan fā aiki ne ja. Wurin da ya fi ruɗin mutane kuwa shi ne kwari da tsohon kududdufin da aka cike da shara. Da rani ya yi lumui kamar faranti, ga araha. In damina mai ƙarfi ta zo, irin ta 2022 da ta yi ɓarna a sassan Jigawa, ruwa ya kan komo ya nemi tsohon gidansa. Saboda haka masu wayo da damina su ke zuwa duban fili, su kuma tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin a da.

Filayen bayan gari iri biyu ne a bakin mutane. Akwai awon gwamnati, wanda ma'auna suka shata da taswira, suka fid da tituna da magudanan ruwa da wurin makaranta. Akwai kuma awon igiya, inda mai gona ko magadansa za su kira dillali ya ja igiya ya yanka fuloti fuloti, kamar ƙafa 50 da 100 ko abin da bai kai ba. Awon igiya ya fi sauƙin kuɗi, shi ya sa talaka ke iya mallakar muhalli, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma da ya ke kowane taki kuɗi ne, a kan matse hanya har motar ɗaukar mara lafiya ta kasa shiga, magudana kuwa sai abin da hali ya yi. Nan ne kuma a ke cinikin biri a sama. Mutum ya ba da kafin alƙalami a kan filin gado, ashe ba a raba ba, wata 'yar'uwa tana can gidan miji ba ta sani ba. Ko kuwa fuloti ɗaya a sayar wa mutum biyu, kowa da takardarsa. Dattawan da suka shaida cinikin farko sun riga mu gidan gaskiya, tsamiyar da aka yi iyaka da ita an sare ta. Da yawanku nan gaba ku za a kira ku rubuta irin takardun nan. Takardar kirki ita ce mai ɗauke da sunan mai sayarwa da yadda abin ya zo hannunsa, da maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, da tsawo da faɗi, da kuɗin da aka biya, da ranar wata, da sa hannun magada duka, maza da mata, da na mai unguwa.

Ita doka fa? Dokar 1910 an sabunta ta a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1962, kana a watan Maris na 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka shimfiɗa irin wannan tsari a Nijeriya duka, yana nan kuwa har yanzu. Ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamnanta bisa amana. A yankin da aka ayyana birni ne Gwamna ke ba da takardar shaidar mallaka, yawanci ta shekara 99 ga gidan zama, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izni. Mai irin wannan takarda ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da yardar hukuma. Abin da zai ba ku mamaki shi ne dokar tana nan a kan ra'ayin kakanninmu, kasuwa ce ta bar shi. In gwamnati ta bukaci wurin don hanya ko makaranta ta soke iznin mutum, ma'auni zai zo ya ƙidaya ɗakuna da katanga da rijiya da itatuwan amfani da shukar da ke tsaye, a biya diyyarsu. Filin kansa, wanda shi ya cinye yawancin kuɗin mai gida ran da ya saya, abin da dokar ta yanka masa shi ne kwatankwacin kuɗin hayar ƙasa da ya biya hukuma a wannan shekara.